Uwargida, Kin Taɓa Kai Yaranki Gidan Tarihi Na Katsina?

Idan aka tambayi 'yar shekara goma a Batsari ko Safana mene ne mazari, ko me ake yi da taskira, da wuya ta ba da amsa. Kakarta kuwa da su ta yi wa kanta sutura, ta kaɗa zare ta sayar ta haɗa kayan ɗakin 'ya'yanta. Roba da silba sun kori akushi da ƙwarya daga gidajenmu. A ƙasar Ruma da garuruwan bakin dajin Rugu kuma akwai wani dalilin da ya fi wannan ciwo. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, kamar wanda aka kai Tsauwa da Ɗankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutane aka ƙone gidaje. Matar da ta gudu da goyo a baya ba ta tsaya ɗaukar jeren uwarta ba. Yara da yawa na wannan yanki yanzu suna tasowa ba su taɓa ganin kayan da iyayensu suka gada ba.

Shi ya sa muke ba uwargida shawarar ta ware rana guda, da izinin maigida, ta kai yara Gidan Tarihi na Ƙasa da ke birnin Katsina.

Ginin kansa ma abin kallo ne. Nan ce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai. Da ƙasa aka gina ta, irin ginin maginanmu na gargajiya, kuma ga ta nan tsaye bayan shekara ɗari. A cikinta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, haka ma Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Yaron da ke raina makarantarsu saboda ba ta da kyan gini, ki nuna masa ɗakunan ƙasar da suka fitar da Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Najeriya.

Wasu 'yan'uwa na ƙyamar irin wannan wuri, wai ɗakin gumaka ne. Ajiye kayan mutanen da suka shuɗe don a san yadda suka rayu daban yake da bauta musu, kuma addininmu ya kwaɗaitar da mu duba labarin waɗanda suka gabace mu don mu ɗauki darasi. Tarihin Katsina ma cike yake da malamai, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga kuma Hasumiyar Gobarau da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, wadda za ku iya biyawa ku gani a rana ɗaya.

Ki ba su labarin Durɓi Ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan farko suke. An yi tono a wurin a 1907, aka sake yi a 1992, aka samu kayan ado na zinariya da hauren giwa da wuri, da tasoshin tagulla da suka fito daga ƙasashen Larabawa. Wannan ya nuna cewa tun ɗaruruwan shekaru fatakenmu ke hulɗa da mutanen ƙetaren hamada.

Amma babban sirrin wannan ziyara shi ne ki tafi da tsohuwa, mahaifiyarki ko surukarki. Jami'in wurin zai gaya wa yara sunan abu da shekarunsa. Ita kuwa za ta gaya musu yadda ake gurzar auduga a cire gurya, yadda ake fafe duma a yi ƙwarya, da dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ba da lantarki ba. Ki ba kowane yaro littafi da biro ya rubuta sunayen abubuwa biyar da bai sani ba. Ku yi sammako, ku tambayi halin hanya kafin ku tashi, ku dawo da sauran rana. In kuɗin mota ya yi yawa, ku haɗa kai da matan unguwa ko malaman Islamiyyar yaranku a tafi tare.

In kun dawo, ki duba ɗakinki. Faifan da kakarki ta saƙa, ko tasar jeren mahaifiyarki, ko gwadon da aka kai ki gidan miji da shi, kada ki ba 'yan gwangwan. Ki wanke, ki adana, ki gaya wa 'yarki wadda ta mallake shi da garin da ta fito, ko Ruma ce ko Runka ko Wagini. In kina da waya mai hoto ki ɗauka, ki naɗi muryar tsohuwa tana bayani, ki tura wa 'yan'uwa da ke wasu garuruwa, domin ko an rasa kayan labarinsu ya tsira.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, Ya albarkaci zuri'armu, amin.