Gargaɗi Ga Mazauna Kwari: A Duba Masai Da Kwata Kafin Marka

Jama'ar Kano da ke zaune a kwari, wannan kira naku ne, kuma na gaggawa ne: gidajen da ke bin gaɓar Jakara, da na Kwarin Gogau, Fagge da Sabon Gari, da duk unguwar da aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara. Damina ta kankama, ruwan Agusta na tafe. Gidan da masai ko banɗakinsa ya tumbatsa bara, bana ma zai sake, sai in an gano abin da ya jawo an gyara shi. Ruwa ba ya tsami banza. Share tsakar gida da watsa Izal bayan ɓarna ta auku ba gyara ba ne.

Alamun suna zuwa tun da wuri. Ka zuba bokitin ruwa a banɗaki ya tsaya yana juyi kafin ya wuce. Ka ji bututu yana ɓulɓul alhali ba wanda ya shiga. Wari ya cika ɗakuna da zarar an ɗauke ruwa, kyankyasai su fito da rana tsaka, gefen murfin sokawe ya yi danshi baƙi ƙirin. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya jira na biyu.

Tambayar farko da mai gida zai yi wa kansa ita ce: yaushe abin ke dawowa? In har da rani ma yana yi, ciwon a cikin gida yake. Ko rami ya cika, ko bututu ya toshe, ko kuwa tun ran gini ba a ba shi gangara ba. Bututu mai inci 4 yana son ya sauka kimanin santimita 2 da rabi a kowace mita, in ba haka ba ƙazanta ta kwanta a ciki. Abin da ke toshe shi kuwa mu muke zubawa da hannunmu: famfas ɗin yara, audugar mata, ledar fiya wata, tsumma, gashin da aka taje, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo wanda ke daskarewa a jikin bututu har ya tsuke hanya. Wannan mai gyaran famfo zai iya buɗe shi a yini guda.

In kuwa sai an yi ruwan sama abin ke tasowa, to maganar ta fi haka girma, kuma a nan mafi yawan mazauna kwari suke. Shekara da shekaru ana zuba marmara a layi, ana ɗaga titi, gidan da a da ake hawa dakali a shige shi yanzu gangarawa ake yi. Kwatar layi ta koma sama da wuriyar gida. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Idan lambatu ya cika, ta bututun da kuke fitar da ƙazanta yake juyowa, ya ɓullo ta wuri mafi ƙasa a gidan, galibi ramin banɗaki. Ga kuma ruwan ƙasa da ke tasowa a tsakiyar damina: ƙasa ta ƙoshi, sokawe ba shi da inda zai tsotse, sai ya mayar da abin da aka ba shi. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwa an cike da yawansu an yi gini. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta da Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya rasa hanya ya shiga shaguna ya lalata kaya masu ɗimbin yawa.

Gyaran da ya fi arha shi ne wanda aka fi mantawa. Ku bi indararon gidanku ku ga inda yake zuba. Gidaje da yawa sun haɗa ruwan rufin kwano da na tsakar gida sun tura cikin sokawe don a huta da caɓi. Rufi mai faɗin mita 10 sau 10, in aka yi ruwa mai milimita 50, lita 5,000 yake zubarwa a dare guda. Babu sokawen gida da zai ɗauki wannan. A raba su yau: ruwan sama ya bi hanyarsa zuwa kwata ko a tare shi a tanki, ramin masai ya ji da abin da aka haƙa shi dominsa. Bakin ramin da murfinsa a ɗaga su da bulo biyu ko uku sama da inda ruwa ya tsaya bara, shatar tana nan a jikin katanga, a shafe da siminti, a bar bututun shan iska.

Gidan da bututunsa ke fita kwatar layi yana buƙatar bawul mai hana ruwa komowa. Wani ɗan marfi ne a cikin bututu, ruwan gida ya tura shi ya buɗe, na waje ya turo shi ya rufe. A sa shi cikin ƙaramin akwatin siminti mai murfi a kusa da katanga, inda hannu zai kai, domin leda ɗaya in ta maƙale a bakinsa ya tashi daga aiki. A riƙa buɗewa ana dubawa. Kuma a sani, muddin ya rufe saboda kwata ta cika, ruwan gida ma ba ya fita, don haka a dakatar da wanki da wanka sai ruwa ya janye. Inda gida ya nutse ƙwarai, ba makawa sai an ɗaga daɓen banɗakin kansa.

Yasar rami a yi ta yanzu, da mota mai zuƙa in layi zai shigu, ko a kira 'yan gidan kowa da akwai. Amma don Allah kada wani ya sauka cikin rami, kada a tura almajiri ko ɗan dako don 'yan kuɗi kaɗan. Iskar da ke taruwa a ciki tana kayar da ƙato cikin daƙiƙu, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Kada a leƙa da ashana ko fitilar kwai, iskar tana kama wuta. Zuba fetur, kalanzir ko baƙin mai ba ya rage rami, rijiya yake lalatawa. Asid kuma ci yake yi wa bututu da fata, in ya gamu da bilic ya tayar da hayaƙi mai shaƙe numfashi.

Akwai wata ɗabi'a da dole a faɗe ta a fili. Wasu sai hadari ya haɗo cikin dare su fasa gefen rami su saki ƙazanta ta bi ruwa. Wannan zalunci ne. Abin da ka saki gidan maƙwabcinka na gangare yake shiga, kuma a cikinsa yara ke wasa da safe. Masu unguwanni da limamai, ku tsawatar. Ku haɗa gayya a yashe kwata da kwalbati tun daga ƙarshen layi zuwa sama, kuma a kwashe abin da aka fitar a ranar, don in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi. Kada a jira tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Masu gidajen haya, gyaran rami da bututu a wuyanku yake.

In abin ya riga ya faru, a fara kashe wutar lantarki daga babban makunni kafin kowa ya taka ruwan. A fitar da yara, tsofaffi da masu juna biyu. Mai kwasa ya sa takalmin roba da safar hannu. A wanke daɓe da sabulu, sannan a bi da bilic, kofi 1 cikin kofi 9 na ruwa, a buɗe tagogi. Abincin da ruwan ya taɓa a zubar, katifar da ta sha shi ba ta wankuwa. Katangar ƙasa da gindinta ya jiƙe, kada a kwana a jikinta.

Rijiyar gida ita ce babbar fargaba. Ƙa'ida ita ce mita 30 tsakaninta da masai, abin da gidajen cikin gari kaɗan ne suke da shi. Bayan ambaliya a ɗauka ta gurɓace ko da ruwanta garau yake: a tafasa, ko a sa maganin kulorin na ruwan sha. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, Kano, Jigawa da Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Duk wanda ya fara zawo tsululu kamar ruwan shinkafa, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita 1 ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ci gaba da ba shi a hanya, a kai shi asibiti a daren, kada a ce sai gari ya waye.