Zafin Injin Tsohuwar Mota da Tsinkewar Fambel

Zuwa ga manoma masu karatu, da dagatai, da masu unguwanni.

A garuruwanku da yawa akwai tsohuwar mota guda wadda jama'a duka su ke dogara da ita. Ita ke kai gyaɗa da auduga kasuwa, ita ke ɗauko taki, in kuwa naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare, ita za a tayar a nufi asibiti. A da galibi za ka tarar Peugeot 504 ce, ko yayarta 404 akori-kura. An fara ƙera 404 a Faransa cikin 1960, 504 kuwa cikin 1968, sa'an nan aka buɗe ma'aikatar haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975. Yanzu an daina ƙera su, saboda haka wadda ke hannunka in ta mutu ba ka da inda za ka sayo sabuwa irinta. Abin da ya fi kashe waɗannan motoci kuwa zafi ne, kuma sau da yawa mafarin zafin nan wata 'yar igiyar roba ce da makanikai ke kira fambel, wadda kuɗinta bai kai na buhun gero ba.

Kafin ka san cuta, sai ka san yadda lafiya ta ke. Wuta ce ke ci cikin inji, kuma abin da ke tura mota daga ƙarfin man da aka ƙona bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Saura duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Ruwan nan yana zagaya jikin inji, ya hau ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya gangara ta cikin 'yan siraran bututu, iska ta huce shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Famfo ne ke tura ruwan, fanka ce ke jawo iskar, dinamo ko altaneta ne ke cika batir. Dukansu uku ba mai ƙarfin kansa, inji ne ke juya su ta hanyar fambel, ko guda ɗaya ko biyu, gwargwadon ƙirar motar. To, ka ga ke nan in fambel ya tsinke ruwa ya tsaya, iska ta tsaya, wuta kuwa ba ta tsaya ba.

Ba haka motocin farko su ke ba. Ford ɗin nan da a ke kira Model T, wadda aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, mafi yawansu ba su da famfon ruwa ko kaɗan. Ruwa mai zafi ne ke tashi sama da kansa, mai sanyi ya sauka, fambel ɗinsu kuwa mai faɗi ne shimfiɗaɗɗe, fanka kaɗai ya ke juyawa. Cikin 1917 wani Ba'amurke, John Gates, ya fito da irin wanda mu ke gani yau, mai kauri a sama da tsini a ƙasa, wanda ke zama cikin kwarin fuli. Ka riƙe wannan, gama za mu komo gare shi: irin wannan fambel da gefunansa biyu ya ke kama fuli, ba da gindinsa ba.

In kana tafe ka ga allurar ma'aunin zafi tana hawa, ko ka ji ƙaurin roba, ko tururi ya ɓullo daga bonet, ka tsaya nan take ka kashe inji. Kada ka ce bari in kai gari, saura mil biyu. Kan injin 404 da 504 na alminiyum ne, jikinsa kuwa na baƙin ƙarfe. In zafi ya yi yawa alminiyum ya fi ƙarfe buɗewa, sai kan ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone. Mil biyun nan su ne za su mai da gyaran awa guda ya zama gyaran mako biyu. In kuwa jar fitilar batir ta kama a lokacin da allura ke hawa, kusan babu shakka fambel ne ya tafi, domin abu guda ne ke iya tsai da dinamo da famfo gaba ɗaya.

Sa'an nan ka yi haƙuri. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan kamar rabin sa'a. Dalili kuwa, ruwa a tukunya buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfin nan yana da sifirin da ke danne ruwa ya hana shi tafasa sai ya wuce haka. Da ka buɗe, dannewar ta gushe, ruwan duka ya tafasa a lokaci guda ya yi tsalle ya same ka a fuska. In ya huce, ka ɗora tsumma mai kauri, ka juya murfin kaɗan ka bar iska ta fita tukuna. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi kan inji mai zafi ko cikinsa. Kowace mace ta san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an yi mata haka.

To, inji ya huce. Fara da fambel, tun da shi ya fi sauƙin gani. In yana nan bai tsinke ba, ka danna shi da babban yatsa a tsakiyar wurin da ya fi tsawo. Ya kamata ya lotsa kamar rabin inci, watau wajen milimita 13. In ya fi haka ya yi sako-sako, yana zamewa, shi ne kuma ke yin kukan nan mai tsini da safe ko sa'ad da aka taka totur. In bai lotsa ba sam, an ɗaure shi da yawa, wannan kuwa ya fi sako-sako ɓarna, gama yana cin boris na famfo da na dinamo a ɓoye.

In ya tsinke, kada ka jefar da guntayen, ka tsinto su ka duba, domin su ne shaidunka. A nan ne masu mota da yawa ke yin hasara: su sayi sabo su ɗaura, bayan kwana goma ya sake tsinkewa, su ce kayan zamani ba su da ƙarko. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa akwai abin da ya ci na farko, yana nan yana jiran na biyu. In gefunan sun yi sulɓi suna ƙyalli kamar an goge su, ya daɗe yana zamewa. In gefe ɗaya kaɗai ya cinye, zare ya fito, fuli ba su kan layi ɗaya. Ka aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskokinsu za ka ga wanda ya kauce, sau da yawa notin da ke riƙe dinamo ne ya kwance. In robar ta yi laushi ta kumbura, baƙin mai ne ke ɗiga a kanta, sai an toshe yoyon. In cikinsa ya tsattsage tsufa ne kawai, ba laifin kowa. In kuwa ya ƙone a wuri guda, wani fuli ne ya cije, fambel ya yi ta gogawa a kansa har ya rabu. Ka juya kowane fuli da hannu. Wanda ya ƙi juyawa, ko ya ke gurnani, ko ya ke kaɗawa in ka girgiza shi, shi ne mai laifi. Ka leƙa ƙarƙashin famfo kuma, akwai 'yar huda a wurin. In ka ga zanen tsatsa ko ɗigon ruwa daga cikinta, famfon ya kusa gama aikinsa.

Sai ka duba kwarin fulin kansa. In gindin kwarin yana ƙyalli, fambel ya nutse har ƙasa, ko dai an saya maka siriri wanda ba nasa ba ne, ko kuma fulin ya cinye. Irin wannan ko ka ɗaure shi kamar tsarkiyar baka ba zai kama ba. Saboda haka in za ka aika a sayo, ka aika da tsohon, ko lambar da ke rubuce a bayansa. Kada ka yarda da gwajin ido.

Wani gargaɗi ga dagatai musamman: kada ka sunkuya kan inji yana aiki alhali kana sanye da babbar riga ko rawani mai jela. Fanka da fambel ba su san sarauta ba.

In fambel lafiya lau ya ke amma mota na zafi, sai ka tambayi direba yaushe ta ke yi, gama lokacin ya kan nuna wurin ciwon. Wadda ke zafi a tsaye ko cikin cunkoson kasuwa, amma ta huce in ta sami hanya, iska ce ba ta isa ba. Ka duba fuskar lagireto. Bayan kaka za ka same ta cike da ƙaiƙayi da gashin auduga da ƙurar hunturu da matattun fari. Ka wanke ta da ruwa daga baya zuwa gaba, a hankali, don kada ka lanƙwasa 'yan ganyayen. Waɗansu Peugeot kuma suna da fanka mai kama kanta da lantarki, ba ta jan iska sosai sai ruwa ya yi zafi. In wayarta ta tsinke za ka ga tana juyawa, ka zaci tana aiki, alhali kuwa bin iska kawai ta ke yi. Makaniki na iya gyara ta, ko ya ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum.

Wadda kuwa ke lafiya a cikin gari amma ta yi zafi a doguwar tafiya, ko da kaya, ko a hawa, ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata. Bayan ka kashe inji, ka shafa fuskar lagireto da tafin hannu a hankali. Inda ka ji sanyi alhali kewayensa da ɗumi, bututun wurin sun toshe. Abin da ke toshe su shi ne farin dutsen nan da ka ke gani a gindin butar shayi, tare da tsatsa, kuma ruwan rijiya ne ke kawo shi shekara da shekaru. Ruwan sama da aka tace ya fi, in kuwa ka sami ruwan lagireto na kanti mai maganin tsatsa, shi ya fi duka. Tiyon ƙasa ma in ya tsufa ya kan shafe in inji ya ɗauki gudu, ya maƙure ruwan. Murfin da sifirinsa ya mutu shi ma ya kan sa ruwa ya tafasa da wuri, balle a tudu. A Jos, da ke sama da teku da wajen mita 1,200, ruwa buɗe yana tafasa a kamar digiri 96, ga kuma hawa, shi ya sa motar da ba ta taɓa yin gardama a Kano ba ta kan tona asirinta a hanyar can.

Akwai kuma wata 'yar ƙofa a bakin tiyon sama, tamostat, wadda ke rufe ruwa har inji ya yi ɗumi sa'an nan ta buɗe. In ta cije a rufe, mota za ta yi zafi cikin minti kaɗan da tashi, lagireto kuwa yana nan da sanyinsa. Makanikai da yawa su kan cire ta su yar, su ce ƙasarmu ba ta sanyi. Ban ga hikimar yar da ita ba tun ba a gwada ta ba. Ka jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan murhu. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. In ta buɗe ka mai da ita, ciwon yana wani wuri, kuma injin da ke aiki da sanyi safiyar hunturu ya fi shan mai da saurin cinyewa.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a so. In ruwa na raguwa kullum ba ka ga inda ya ke zuba ba, ka buɗe murfi tun inji na da sanyi, ka tashe shi ka leƙa. Kumfa mai tasowa ba fasawa, da farin hayaƙi daga salansa, da baƙin mai da ya koma kamar kunun gyaɗa a jikin sandar awo, duka alamun gasket ne ya ƙone. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. A kai ta wurin makaniki, kuma ka tsaya a kan a auna kan injin da miƙaƙƙen ƙarfe kafin a ɗora sabon gasket, in ya lanƙwashe a kai a daidaita shi.

In motar garinku Volkswagen ce mai ƙirar kunkuru, wadda aka fara haɗawa a Ikko cikin 1975, to, ba ta da lagireto ko ruwa, iska kaɗai ke huce ta, fankarta kuwa tana kan sanda ɗaya da dinamo. Jar fitilar batir ita ce kaɗai za ta gaya maka fambel ya tafi, kuma ba ka da ko minti biyar. Ita ba a ɗaure fambel ɗinta da jan dinamo, sai da rage 'yan wasa-wasan ƙarfe da ke tsakanin ɓarin fulin biyu, waɗanda aka cire kuwa a ajiye su a bayan noti don gaba.

Kowace iri ce taku, a ajiye cikinta fambel sabo wanda aka riga aka gwada aka ga ya shiga, da sifanar da ta dace da notin dinamo, da galan guda na ruwa mai tsabta, da tsumma. Sabon fambel ya kan miƙe kaɗan, saboda haka bayan tafiyar kwana biyu ko uku a sake danna shi da yatsa.