Daga Allura Zuwa Alƙalami: Hanya Ta Uku Ga Ma'aikatan Jinya

Cikin watan Fabrairu na 2024 ma'aikatan jinya suka yi cincirindo a ƙofar ofishin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya da ke Abuja, suna kuka da wata sabuwar ƙa'ida wadda ta ce sai nas ta yi shekara 2 tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje. A lokacin ne magatakardan hukumar, Dokta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3. Ran 30 ga watan Yuli 2025 kuma, ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi saboda maganar alawus da ƙarancin ma'aikata.

Galibi ana ɗauka hanya biyu ce gaban nas ɗin da aiki ya gallaba: ko ta daure, ko ta ɗaure kayanta sai Ingila. To, amma akwai ta uku wadda ba a cika zancenta ba, watau rubutu na ƙashin kai. Mai wannan sana'a ba ya ƙarƙashin kowace jarida. Shi ke neman batu, ya rubuta, ya kai, a biya shi gwargwadon abin da ya kawo.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ma'aikatan asibiti. Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta wallafa littafinta na kula da majinyata tun 1859. A nan gida, marigayi Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, harhaɗa magunguna ya koya kafin alƙalami ya fito da shi. Christie Watson kuwa ta yi wajen shekara 20 tana jinya a Ingila, kuma littafinta na labari da ta gina a kan yankin Neja Delta ya ci kyautar Costa ta 2011.

Abuja ta dace da wannan sana'a. Nan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya take, nan ofisoshin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke, ga kuma jaridu masu fitowa da Hausa kamar su Aminiya da Leadership. Duk waɗannan suna bukatar wanda zai mai da bayanin likita ya zama maganar da tsohuwa a Gwagwalada ko Abaji za ta ji ta gane, a takardar faɗakarwa ne ko a shirin rediyo.

Abin da ya sa bukatar ta yi tsanani kowa ya sani. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta, ba a tabbatar an rabu da ita a Nijeriya ba sai a watan Agusta 2020. A 2014 kuma, lokacin cutar Ibola, dare ɗaya aka baza cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. Mutane da dama suka kwanta asibiti, har aka yi hasarar rayuka. Mai fassarar da bai taɓa shiga ɗakin majinyata ba yana iya kawo kalma daidai amma ya kuskure nufi. Ita kuwa nas ta san irin tambayar da uwa ke jin nauyin yi wa likita, ta san dalilin da ke sa maigida ya hana a kai mai naƙuda asibiti sai abu ya ɓaci.

Sai dai hanyar tana da ƙaya. Babu albashin ƙarshen wata, babu fansho, kuɗin rubutu kuma kan yi jinkiri, alhali mai gidan haya a Abuja ba ya jira. Ban da wannan, sirrin majinyaci amana ne da ba ya faɗuwa don an tuɓe farar riga. Haka nan kowace nas da ta bar Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ta bar giɓi, waɗanda suka rage su ne za su ɗauki nauyinta.

Saboda haka mai sha'awar wannan sana'a kada ta saki reshe ta kama ganye. Ta fara rubutun a ranakun hutunta, ta riƙa sabunta lasisinta a kan kari, ta kuma tabbatar da kowane bayani kafin ya tafi ɗab'i, gama kuskuren alƙalami ya fi na allura yawan waɗanda zai shafa.

Ya rage ga editoci da hukumomin lafiya su biya irin waɗannan marubuta haƙƙinsu cikin lokaci. Nas ɗin da ta zauna a Abuja tana rubuta wa jama'arta da Hausa, har yanzu jinyarsu take yi, kuma ƙasar da ta horar da ita ba ta yi hasararta ba.