Yadda Motocin Masu Yawon Buɗe Ido Ke Raba Kuɗi a Ƙananan Garuruwa

Daga cikin masu yawon buɗe ido akwai wani rukuni da manyan otal-otal ba su cika damuwa da shi ba, wato matasan da ke zagaya ƙasashe da jaka goye a baya da ɗan guzuri ƙalilan. Sai dai abin da ya faru a Afirka ta Kudu ya nuna cewa wannan rukuni kasuwa ce mai zaman kanta ga duk wanda ya iya tsara masa sufuri.

Bayan zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, baƙi sun soma kwarara zuwa ƙasar. A shekarar 1995 aka kafa kamfanin Baz Bus, wanda ya riƙa jigilar irin waɗannan matafiya tsakanin Kef Tawun da Port Elizabeth, wadda aka sake wa suna Gqeberha a 2021, har zuwa Durban da Johannasbag. Tsarin ba sabo ba ne a duniya, domin kamfanin Kiwi Experience ya riga ya fara shi a ƙasar Niyu Zilan tun 1989.

Bambancin wannan tsari da na motocin safa da aka saba shi ne abin da ake sayarwa. Mai safa kujera yake sayarwa daga tasha zuwa tasha. A nan kuwa hanyar ce gaba ɗaya ake saye da tikiti guda. Matafiyi zai sauka a garin da ya ga dama, ya yi kwanakin da yake so, sannan ya hau motar kamfanin da ta biyo baya. Motar ba ta shiga tasha, a ƙofar masauki take ɗauka ta kuma sauke.

Ta fuskar ciniki, tsarin yana da fa'idodi uku. Na farko, kamfani yana karɓar kuɗinsa tun kafin ya ƙona mai. Na biyu, kujera ɗaya takan yi wa mutane da dama aiki a rana guda, wannan ya sauka wancan ya hau. Na uku, masaukai masu rahusa da ke kan hanyar suna tallata motar ga baƙinsu, ita kuma tana kawo musu sababbi, abin da ke rage wa kowanne kuɗin talla.

Babban mai cin gajiyar dai shi ne ƙaramin gari. Tsakanin Kef Tawun da Gqeberha akwai tafiyar kimanin kilomita 750, wadda mota za ta iya kammalawa a yini ɗaya. Amma matafiyin da ya tsaya a Knysna, ya ratse zuwa Oudtshoorn don ganin gonakin jimina da kogunan dutse na Cango, ya biya kuɗin tsalle da igiyar roba daga gadar Bloukrans mai tsayin mita 216, zai iya shafe mako guda ko fiye. Abin da yake kashewa a rana kaɗan ne, amma kwanakinsa suna da yawa, kuma kuɗin yana shiga hannun mai abinci da mai wanki da ɗan jagora kai tsaye.

Raunin sana'ar shi ne dogaro da baƙin waje. Lokacin annobar korona, yawan masu yawon buɗe ido da suka shiga Afirka ta Kudu ya faɗi daga miliyan 10.2 a 2019 zuwa miliyan 2.8 a 2020, motocin suka tsaya, masaukai da dama suka rufe.

Saboda haka mai son zuba jari a irin wannan harka a Nijeriya sai ya fara tabbatar da abubuwa uku kafin sayen mota: tsaron hanya, masaukai masu tsabta da rahusa, da wuraren sha'awa da ba su yi wa juna nisa ba. Haka kuma yana da kyau ya gina kasuwarsa a kan ɗalibai da matasan cikin gida, domin su ne za su riƙe shi ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa.