Dalma Ba Ta Ruɓewa: Hattara da Filin da Aka Tsaftace

A shekarar 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ashe gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare cike suke da dalma. Ana niƙa su a injin hatsi, ana daka su a turmi a tsakar gida, ƙurar ta kwanta a ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu.

Yadda aka tsaftace garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma ba wani asiri ba ne. Mutanen gari aka ɗauka aiki, da fartanya da shebur, suka kankare saman ƙasar gida-gida. A auna da na'ura, in da saura a sake kankarewa, sannan a zubo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Gurɓatacciyar kuwa a kai ta wani babban rami a bayan gari a binne. Bagega, inda aka fi sarrafa dutsen, sai 2013 aka yi mata nata, bayan dogon jiran kuɗin gwamnatin tarayya. Duk tsawon jiran nan likitoci sun kasa fara bai wa yaran garin maganin da ke fitar da dalma daga jini, domin yaron da aka sallama ya koma gida mai guba zai sake haɗiyar ta.

To ga inda hatsarin yake. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta kashe ta, damina ba ta wanke ta. Wadda aka binne tana nan yadda aka zuba ta. Shekaru za su shuɗe, ciyawa ta rufe wurin, sai wani da bai ga mutuwar yaran ba ya zo ya haƙa rijiya, ko ya kwaɓa ƙasar ya yi tubali. Da hannunsa ya dawo da gubar ɗakin 'ya'yansa. Haka ma mai shigo da dutse gida ko kayan aikin da ya yi buɗu-buɗu da ƙura.

Mazauna birni ma kada su ce ba ruwansu. Tsofaffin majemu, wuraren narka batir, masana'antun da suka rufe, duk ana yanka su fuloti, mai saye kuwa araha kawai yake gani. Filin da aka daɓe da kankare yana iya zama tasha ko rumbun ajiya lafiya lau, amma bai dace da gida mai rijiya da lambu ba. Kafin ka ba da kuɗi, tambayi tsofaffin unguwa me ake yi a wurin da. Tambayi ko an auna ƙasa da ruwa, ka ce a nuna maka takardar sakamakon. Mai sayarwa ya ce "ai an gyara" bai isa hujja ba.

Dagatai da masu unguwanni, a killace ramukan da aka binne ƙasar, a kafa alama, a rubuta a ajiye. Iyaye kuma, yaron da ya tashi kusa da irin wannan wuri a kai shi a gwada jininsa ko da yana wasansa garau, domin dalma takan dakushe ƙwaƙwalwa tun kafin a ga jijjiga.