Siffofin Kifi, Daga Gulbin Zamfara Zuwa Tekun Atilantika

Mutanen Jega da Aliero da Maiyama ba su zaune a bakin teku, amma yau tekun ta iso musu cikin kwali, domin manyan motoci masu ƙanƙara suna ɗauko kifinta daga Ikko su sauke shi a kasuwanninmu, kusa da na Gulbin Zamfara wanda ke wucewa ta Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Saboda haka mai cefane yana tsaye gaban kifaye na ruwa biyu, na daɗi da na gishiri, kuma ya wajaba ya san yadda zai rarrabe su, don kada ya biya kuɗin wani nau'i a ba shi wani.

Malaman kimiyya, tun daga Linnaeus mutumin Suwidin wanda ya kafa tsarin sunayen dabbobi a 1758, sun dogara ga alamomi na zahiri waɗanda ido ke gani hannu ke taɓawa: adadin fukafukai da matsayinsu a jiki, samuwar ɓawo ko rashinsa, ƙirar baki da haƙora, gashin baki, da yankan wutsiya. Launi kuwa ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin yakan sauya gwargwadon ruwan da kifi ya zauna, yakan kuma dushe bayan mutuwa. Waɗannan alamomi su ne masuntanmu Sarkawa suka gada kaka da kakanni, ko da yake ba su rubuta ba.

Mu ɗauki tarwaɗa da ramboshi, waɗanda jahilin sana'a yakan ɗauka abu guda ne, kasancewar dukansu ba su da ɓawo, kansu shimfiɗaɗɗe ne, kuma kowanne yana da silin gashin baki takwas. Bambancinsu yana gadon baya. Fiffiken tarwaɗa guda ne, ya miƙe daga bayan kai har kusa da wutsiya, alhali na ramboshi ya tsaya a tsaka, wani na tsoka zalla marar ƙashi ya biyo bayansa. Ƙurungu kuwa ana saninsa da ƙayoyi uku masu zarto, ɗaya a baya biyu a gefe, da gurnanin da yake yi idan aka fitar da shi daga ruwa. Yauni ba shi da fiffiken ciki ko na wutsiya sam, amma yana da wani dogo da ya rufe tsawon bayansa, wutsiyar ta tafi siririya. Balli yana da manyan ɓawo masu tauri, fukafukansa na sama da na ƙasa sun koma can baya daura da juna. Zawai kuma haƙoransa suna bayyane ko baki na rufe, da ratsi-ratsi a tsawon jiki. Amma giwan ruwa, wanda masunta ke neman nasara da shi a bikin Argungu da aka fara a 1934, alamarsa faffaɗan baki, da fiffiken baya mai kashi biyu, na gaba ƙaya na baya laushi, da wutsiya mai da'ira.

Wannan mizani shi ne mutum zai ɗauka ya auna kifin teku da shi, ba tare da ƙari ba. Wanda ake kira titus, ana kamo mafi yawansa a arewacin Atilantika, wajen ƙasar Nowe da maƙwabtanta. Bayansa shuɗi ne mai ratsin baƙi a karkace, jikinsa sumul, kuma tsakanin fiffiken baya da wutsiya akwai 'yan ƙananan fukafukai biyar a jere, sama da ƙasa. Kote yana kama da shi a tsayi, har wani mai sayarwa yakan cakuɗa su, amma duk wanda ya shafa gefensa da yatsa zai ji layin ɓawo mai kaifi ya bi tsawon jiki har wutsiya, ga kuma ƙaton ido, kuma titus ba shi da wannan layi. Shawa fari ne fat a ciki, fiffikensa na baya guda ɗaya ne gajere a tsakiya, ɓawonsa na zuba da ɗan taɓawa, ƙayarsa siririya ce mai yawa. Panla kuwa dogo ne mai farin nama da ƙarancin mai, wutsiyarsa ba ta da zurfin tsaga irin ta waɗancan ukun.

Fa'idar wannan sani ba ta tsaya ga ciniki ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne, sai dai shari'a ta hana mutum cin abin da zai cutar da shi, kuma talibambam, mai kumbura ciki da haƙora huɗu manne da juna, yana cikin dangin da aka san su da dafi a hanta da ƙwai da fata. Haka minjirya, wadda ba ta da fiffiken baya sai ɗan na tsoka kusa da wutsiya, gane ta kafin a kai hannu ya fi jin girgizarta. Mafi girma daga wannan, masuncin da ya iya rarrabe ɗan giwan ruwa daga ƙaramin kifin da ya riga ya kai iyakar girmansa, shi ne zai mayar da na farko cikin gulbi, domin giwan ruwan da aka soya yana kamar yatsa, da an bar shi, da ya iya zarce kilo 50.

Magabata ba su raina wannan fanni ba. Jahiz na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan, Damiri na Misra wanda ya rasu a 1405 ya wallafa Hayatul Hayawan, kuma a 1967 Gwamnatin Jihar Arewa ta buga littafi a kan kifayen ƙasar nan wanda ya haɗa da sunayensu na Hausa. Yanzu da Allah ya kawo mana jami'ar kimiyya a Aliero tun 2006, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a Sabuwar Busa, haƙƙi ne a kan ɗalibanmu su sauka bakin gulbi su zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, su rubuta kowane suna da siffar mai shi da lokacin ƙwansa, tun masu sanin suna raye. Haƙƙi ne kuma a kan mai saye ya juya kifi ya dubi bayansa da gefensa da wutsiyarsa kafin ya miƙa kuɗi, domin idan masu saye suka san abin da suke saye, algus ba zai sami kasuwa ba.