KARATU A ƘASAR JAPAN: DA RASHIN TAYI AKAN BAR ARHA

Idan ana hirar fita waje neman ilmi a zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango a Akara har zuwa Kumasi da Tamale, ƙasashen da sukan fara zuwa bakin jama'a ba su wuce Ingila da Amurka da Jamus ba, sai kuma Masar da Saudiyya ga waɗanda suka bi ta makarantun Arabiyya. Da wuya ka ji uba ya ce yana fatan ɗansa ya je Japan karatu. Abin da akasarinmu muka sani game da wannan ƙasa shi ne motar Toyota da babur ɗin Honda da rediyon Sony. Alhali kuwa tun shekarar 1954 gwamnatin Japan take ɗaukar ɗawainiyar ɗaliban ƙasashen waje, kuma 'yan Ghana suna cikin masu cin wannan gajiya. Saboda haka muka ga ya dace a wannan wata mu bayyana wa iyaye da ɗalibai yadda ake zuwa, da abin da yaro zai tarar in ya sauka.

BA BAƘIN JUNA BA NE

Dangantakar Ghana da Japan ta daɗe. A nan Akara ne shahararren likitan nan nasu, Hideyo Noguchi, ya rasu a watan Mayu na 1928 yana tsakiyar bincike a kan cutar shawara, kuma cutar ce ta yi ajalinsa. Don tunawa da shi Japanawa suka gina cibiyar binciken cututtuka mai sunansa a Jami'ar Ghana da ke Legon a 1979. Hotonsa ne a jikin takardar kuɗinsu ta yen 1,000 daga 2004 har zuwa 2024. Haka kuma tun 1964 kamfanin Lotte yake sayar da wata cakulan mai suna Ghana, har ta kai idan ɗalibi ya faɗi ƙasarsu, abin da yakan fara zuwa zuciyar Bajapane shi ne cakulan.

Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba. A farkon shekarun 1970 wani malaminsu mai suna Shuji Matsushita ya wallafa bincike a kan Gwandara, harshen da ya fi kowane kusa da Hausa. Wani kuma, Shuichi Oyama na Jami'ar Kiyoto, ya yi shekaru yana aiki da manoma Hausawa a kudancin Nijar, yana gwada yadda sharar gari za ta farfaɗo da ƙasar da ta mutu.

Me ya sa suke neman ɗalibai? Jama'arsu tana raguwa. Yawansu ya kai ƙololuwa a 2008, wajen miliyan 128, daga nan yake ta yin ƙasa, tsofaffi suna ƙaruwa, haihuwa tana ja da baya. A 1983 Firayim Minista Nakasone ya yi alkawarin kawo ɗalibai 100,000, aka cika a 2003. A 2008 aka ɗaga zuwa 300,000, aka cika a 2019. A 2023 kuma suka sake yanka wa kansu 400,000 kafin 2033. Mafi yawan masu zuwa daga Asiya suke, 'yan Afirka ba su taka kara sun karya ba.

ƘOFOFIN SHIGA

Ƙofa ta farko ita ce musanyar ɗalibai. Jami'o'i biyu ne suke ƙulla yarjejeniya, wannan ta aika nata can, waccan ta aiko nata nan, na zangon karatu ɗaya ko biyu. Ɗalibi yana nan da sunansa a jami'arsa ta gida, a nan yake biyan kuɗin makaranta, can ba ya biyan kuɗin karatu, kuma in an daidaita tun kafin ya tashi, makin da ya samo ana lissafa masa shi in ya dawo. Jami'ar Nazarin Ƙasashen Waje ta Tokiyo tana da irin wannan yarjejeniya da Jami'ar Ghana. Jami'ar gida ce take zaɓen wanda zai tafi, don haka wurin tambaya shi ne ofishin hulɗa da ƙasashen waje na makarantar da yaro yake. Hukumar JASSO, mai kula da ɗalibai a Japan, takan ba wasu daga cikin 'yan musanya tallafi, wanda a 2024 yen 80,000 ne a wata, amma ba kowa yake samu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tallafin ma'aikatar ilminsu, wanda ake kira MEXT. Wannan ya haɗa da tikitin jirgi zuwa da dawowa, da kuɗin makaranta, da alawus na wata, wanda a 2024 yen 117,000 ne ga mai neman digirin farko, 143,000 ko sama da haka kaɗan ga mai bincike. Ana nema ta ofishin jakadancin Japan, ana yin jarrabawa da ganawa. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 25, mai bincike kuma kada ya kai 35. Akwai ma wani sashe na shekara ɗaya da rabi domin malaman makaranta da suka yi shekara 5 suna koyarwa, abin da ya kamata malamanmu na zango su sa wa ido.

Ƙofa ta uku ita ce shirin ABE, wanda marigayi Firayim Minista Shinzo Abe ya sanar a taron Japan da Afirka na TICAD a Yokohama a 2013, da niyyar kai matasan Afirka 1,000 cikin shekara 5 su yi digiri na biyu su kuma koyi aiki a kamfanonin ƙasar. Hukumar JICA ce take gudanar da shi.

A nan muna jan kunnen iyaye. Takardar neman tallafin gwamnatin Japan ba ta sayarwa ba ce. Duk ɗan kamashon da ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi, to a yi hattara da shi. Matasa da yawa daga Biyetnam da Nepal sun ci bashi mai nauyi sun biya dillalai, suka isa Japan suka ƙare da aikin dare don biyan bashi, karatun ya gagara.

HARSHE

Jami'o'i da dama suna koyar da 'yan musanya da Turanci, amma Turanci yana ƙarewa ne a bakin ƙofar makaranta. A kanti da asibiti da ofishin ƙaramar hukuma sai Japananci. Rubutunsu iri uku ne: hiragana da katakana, kowanne da harafi 46, sai kanji da suka aro daga Sin, wanda gwamnati ta ware guda 2,136 na amfanin yau da kullum. Yaro mai himma yana iya haddace biyun farko cikin 'yan makonni tun yana gida, kuma duk wanda ya yi allo ya san haddar harafi ba sabon abu ba ne. Furucin kuwa bai cika wahalar da Bahaushe ba, domin wasulansu biyar ne kamar namu, suna da dogon wasali da gajere, suna kuma ninka baƙi kamar yadda muke yi.

Sai dai a kula da kalmomin da suka yi kama da namu. Idan ɗalibi ya tashi alwala ya ce a miƙo masa buta, to alade ya ambata a harshensu. Idan kuma aka ce masa sake, ba cewa aka yi ya maimaita ba, giyar shinkafa ake nufi.

CI DA IBADA

Waɗannan kalmomi biyu su ne jarrabawar ɗalibi Musulmi ta kullum. Romon taliyarsu da ake kira ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, ana zuba wata giya mai zaƙi da ake kira mirin a miya da kifi, kuma kitsen alade yakan shiga burodi da kayan kwalama. Ya zama dole yaro ya koyi gane harafin alade da na giya a jikin kwali kafin ya koyi komai. Alhamdu lillahi, shinkafa da kifi da ƙwai da kayan lambu suna nan ko'ina, manyan garuruwa suna da kantunan halal, wasu jami'o'i ma suna dafa abincin halal a ɗakin cin abincinsu. Duk da haka, ɗalibin da bai iya ɗora tukunya ba, namiji ne ko mace, zai sha wuya. Uwaye su koya wa samari girki kafin su tashi.

Masallatai a ƙasar sun haura 100. Mafi daɗewa shi ne na Kobe da aka gina a 1935, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Babban masallacin Tokiyo an fara gina shi a 1938, Turkawa suka sake gina shi a shekarar 2000. Amma Juma'a ranar karatu ce, ba kuma za ka ji kiran salla daga ɗakinka ba. Lokacin zafinsu alfijir yakan keto a Tokiyo tun kafin ƙarfe 3 na dare. Wanda sai an tashe shi yake salla a gida, can babu mai tashinsa.

Akwai kuma walimar shan giya da malami da ɗalibansa sukan fita yi bayan aiki, inda a nan ne ake sabawa da juna. Ƙin zuwa gaba ɗaya yana mai da mutum saniyar ware. Masu dabara sukan gaya wa malami tun ranar farko cewa addininsu ya hana su giya da alade, su je su zauna su sha shayi. Japanawa suna girmama mutumin da ya faɗi ƙa'idarsa cikin ladabi ya kuma tsaya a kanta.

ZAMAN DUNIYA IYAWA NE

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A Japan ƙarfe tara ƙarfe tara ce, wanda ya zo da tara da minti biyar ya makara, sai ya ba da haƙuri. Ba a shiga gida da takalmi, ba a amsa waya a cikin jirgin ƙasa, ba a ɗaga murya da dare. Shara ma sai an rarraba ta, mai ƙonuwa daban, kwalba daban, gwangwani daban, kowace da ranar fitar da ita, kuma rigimar baƙo da maƙwabta sau da yawa daga nan take farawa. Girmama na gaba kuwa, da rusunawa wajen gaisuwa, da kunyar cewa a'a kai tsaye, duk abubuwa ne da ɗan zango ya tashi da su.

Ta fuskar hukuma, ana ba ɗalibi katin zama, kuma cikin kwana 14 da samun masauki sai ya je ofishin ƙaramar hukuma ya rubuta adireshinsa. Duk wanda zai wuce wata uku dole ya shiga inshorar lafiya ta ƙasa, inda zai riƙa biyan kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti. Idan ya nemi izini yana iya yin aiki na awa 28 a mako, kuma wanda ya zarce haka yana iya rasa takardar zamansa. Mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a Tokiyo yen 1,163 ne a ƙarshen 2024, amma tsadar ɗaki da abinci da jirgin ƙasa tana lashe shi. Iyaye su sani, yaron da ya je musanya ba ci-rani ya tafi ba, kada a dame shi da saƙon aiko kuɗi.

Ba za mu ɓoye ɗacin ba. A wani bincike da ma'aikatar shari'arsu ta fitar a 2017, kusan 4 cikin 10 na baƙin da suka nemi gidan haya sun ce an taɓa hana su saboda su baƙi ne, shi ya sa ɗakin kwanan jami'a ya fi kwanciyar hankali. Baƙar fata yakan sha kallo, musamman a ƙauye. Sanyin watan Janairu ya wuce duk wani hunturu da muka sani. Ƙasar tana yawan girgiza, kuma ta 11 ga Maris 2011, da ambaliyar tekun da ta biyo bayanta, ta ci rayuka fiye da 18,000 in an haɗa da waɗanda suka ɓace. Sai kuma kaɗaici, wanda ya fi duka nauyi. Agogonsu yana gaban namu da awa 9, lokacin da uwa ta idar da azahar a Kumasi ɗanta yana shirin kwanciya.

ABIN DA MUKE DA SHI

Duk da haka muna ganin ɗan zango ya fi yara da yawa shirin wannan tafiya. Kakanninmu fatake sun biyo hanyar goro suka sauka a Salaga da Kumasi cikin mutanen da harshensu da addininsu da abincinsu suka bambanta da nasu, suka koyi harshen masu gari, suka kiyaye dokar sarkin gari, ba su kuma yar da sallarsu da Hausarsu ba. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida, Tuwi ko Ga a kasuwa, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Zama tsiraru a cikin jama'a, wanda yake girgiza ɗaliban wasu wurare, shi ne abin da muka gada.

Ga misali daga maƙwabta. Oussouby Sacko, haifaffen Bamako ta ƙasar Mali kuma Musulmi, ya yi karatu a Sin, ya shiga Japan a 1991, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kiyoto, sannan daga 2018 zuwa 2022 ya shugabanci Jami'ar Kyoto Seika. Shi ne haifaffen Afirka na farko da ya riƙe shugabancin jami'a a ƙasar.

Abin da ya rage mana shi ne tayi. Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su riƙa bin sanarwar ofishin jakadancin Japan, wadda takan fito wajen watan Afrilu ko Mayu, su kuma karanta ta a masallatai da makarantu. Ɗalibanmu na jami'a su riƙe maki mai kyau tun daga shekarar farko, su tanadi fasfo, su je ofishin musanya su yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. 'Yan mata ma kada a bar su a baya. Waɗanda kuma Allah ya nufa suka je suka dawo, haƙƙi ne a kansu su zauna da ƙannensu su nuna masu hanya. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, amin.